Yadda zaka je kallon tsuntsaye a Dagona da dausayin Hadeja-Nguru ba tare da ka kore su ba

Jama'a, in kana son ka ga tsuntsayen da suka taso tun daga Turai da Rasha suka tsallake Sahara suka sauka a ƙasarmu, kuɗin mota zuwa Nguru ko Gashua kawai zaka nema, sai kuma haƙurin zama wuri ɗaya. Wurin da nake magana shi ne dausayin Hadeja-Nguru, wanda ya ratsa Jigawa da Yobe, inda kogin Hadeja da kogin Jama'are suke rarrabuwa cikin jigayi suna malala suna cika fadamu da tafkuna kafin su haɗe su zama kogin Komadugu Yobe su nufi tafkin Chadi. An lissafa nau'in tsuntsu sama da 370 a wannan yanki, kuma a ƙidayar watan Janairu na 1997 an samu tsuntsayen ruwa sama da 320,000. Duk da haka da yawa cikinmu mun sha wucewa ta hanyar a mota bamu taɓa cewa direba ya tsaya ba, wallahi wannan yana damuna.

Abu na farko da zaka gyara shi ne lokaci, don nan mutane suke yin asarar tafiya. In kaje da damina, Agusta ko Satumba, ruwa ya cika ko'ina, hanyoyin ƙauye sun yanke, tsuntsayen sun warwatsu kuma baƙin ma yawancinsu basu gama isowa ba. In kaje Afrilu zuwa Mayu kuma sun tafi, sai zafi ya gasa ka a banza. Baƙin suna fara sauka wajen Satumba da Oktoba, su juya gida wajen Maris da Afrilu, to tsakiyar nan zaka nema, Disamba zuwa Fabrairu, kuma ni a ganina Janairu yafi, saboda lokacin ruwa ya fara janyewa, ƙananan kududdufai sun bushe, tsuntsaye sun taru a sauran wuraren da ke da ruwa. Shi yasa ma ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a Janairu ake yinta. Matsala ɗaya ita ce hazo, ranar da hunturu ya sauko sosai ba zaka ga abin da ke tsallaken tafki ba, don haka kar ka shirya kwana ɗaya tak, ka ware kwana biyu ko uku, in yau hazo ya rufe gobe ka samu.

Akwai wani abu da yake burge ni a nan. Shamuwa da muka sani, wadda in ta iso manoma ke cewa damina ta kusa, itama matafiyiya ce amma bata barin Afirka, tana zuwa tayi sheƙa a garuruwanmu da damina, rani na shigowa ta nufi kudancin Afirka. Wato lokacin da take tafiya shi ne lokacin da na Turai suke isowa. Saboda haka kar kaje a Janairu kana neman shamuwa.

Sai zancen ina zaka nufa. Dagona tana ƙaramar hukumar Bade a Yobe, ana ratse mata daga titin Nguru zuwa Gashua, tafki ne da kogi ya bari bayan ya canja hanya, kuma tana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi wanda aka kafa a 1991, ɓangaren Bade-Nguru. Ba babba bace sosai, hekta 344 ce, amma saboda tana riƙe ruwa cikin rani tsuntsaye na taruwa a cikinta, har marigayi Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya taɓa zuwa wurin a 1989. A Jigawa kuma akwai Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma, wadda ta fi hekta dubu 100, sai tafkin Nguru da mashigin Marma. Duk ukun suna cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar da aka ƙulla a Iran a 1971, tafkin Nguru ya shiga a 2000, Dagona da Baturiya a 2008. Daga Kano zaka iya bi ta Gumel da Malam Madori, in Baturiya zaka sai ka nufi Hadeja, in Dagona ce ka bi ta Birniwa zuwa Nguru ka ɗauki hanyar Gashua. Ka kwana a Nguru ko Gashua ko Hadeja, ka yi tafiyarka da rana, kuma kafin ka taso ka kira wani ɗan garin ka tambayi lafiyar hanya, wannan ba sai an tuna wa kowa ba.

Amma ka riƙe wannan da kyau, taswira ba zata faɗa maka inda tsuntsu yake ba, ruwa ne zai faɗa maka, kuma ruwan nan bashi da tabbas shekara zuwa shekara. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ambaliya ke zuwa yankin ya canja, wasu fadamun da suke cika a da sun daina cika, wasu kuma yanzu ruwa baya barinsu duk shekara, kuma a irin waɗannan ne ciyawar kacala ta samu gindin zama ta toshe mashigai ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi. To wurin da wani yaje bara ya ga dubban agwagi, kai kana iya zuwa bana ka tarar da busasshen taɓo ko kacala ta rufe shi ruf. Maganin wannan shi ne tambaya. Masunta sun fi kowa sanin inda agwagin ruwa suka kwana jiya, makiyaya ma haka.

Shi yasa nake cewa kar ka shiga kai kaɗai. In Dagona zaka, nemi ma'aikatan gandu tukuna, ka gabatar da kanka, ka biya abin da aka ƙayyade ka karɓi rasit, ka roƙi a haɗa ka da ɗaya daga cikinsu, wurin kariya ne ba'a shiga kai tsaye. In kuma bakin wani tafki ne kusa da ƙauye, ka fara zuwa wajen bulama ko mai unguwa ka gaishe shi kamar yadda ya kamata, ranka ya daɗe mun zo kallon tsuntsaye ne, ka faɗi daga inda kake da wanda kazo dashi. Baƙo ya tsaya bakin ruwa da asuba riƙe da madubin hangen nesa yana rubuce-rubuce, dole mutane su tambayi kansu me yake nema, to gara ka riga su. Kuma yankin ba Hausawa kaɗai bane, akwai Badawa da Mangawa da Fulani, Hausa zata kai ka kusan ko'ina amma ladabi ne zai buɗe maka hanya.

Kayan tafiya basu da yawa. Madubin hangen nesa, in zaka saya nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa, ya isa, baya girgiza a hannu kuma yana shigar da haske da sassafe, manyan nan masu lamba 20 sai sun gajiyar da kai baka ga komai ba. In baka dashi kar ka fasa, ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi ɗaya ko ka ara. Littafin rubutu da fensir, rigar sanyi don sanyin bakin ruwa da asuba ba wasa bane, hula, ruwan sha mai yawa, man shafawa na korar sauro da gidan sauro na kwana, takalmi rufaffe. Tufafi kuma dan Allah ka ajiye farar shaddar nan a gida, sa mai ruwan ƙasa ko toka-toka ko kore mai duhu, fari daga nesa tsuntsu yake hango shi. A waya ka sauke manhajar Merlin mai taimakawa wajen gane tsuntsaye tun kana gida ka sauke kundin tsuntsayen yankinmu, saboda sabis ba ko'ina zaka samu ba, ka tafi da fawa bank cike da caji.

To yanzu asalin aikin, wanda shi ne dalilin da yasa nake wannan rubutu. Kana idar da sallar asuba ka kama hanya, ka isa bakin ruwa gari na wayewa. Ka zaɓi wurin da rana zata kasance a bayanka, wato da safe ka tsaya ta gabas da tafkin kana kallon yamma, da la'asar ka juya, in ba haka ba duk tsuntsun da ka kalla baƙi zaka ganshi. Kar ka tsaya a fili kan tudu, nemi gindin giyayya ko bagaruwa ko goruba ka jingina ka zauna, ka sa waya a sailent, ka daina nuni da hannu. Minti goma sha biyar na farko zaka ga kamar ba komai, kar ka tashi. Tsuntsayen da suka ja da baya saboda zuwanka a hankali zasu dawo, wasu har kusa da ƙafarka.

In kana matsawa kusa sai ka ga sun daina kiwo sun ɗaga kawuna gaba ɗaya suna kallonka, ka tsaya nan, ka isa iyaka. Taku ɗaya kuma zasu tashi. Na san abin da ke jan mutane, ana so a samu bidiyon garke ya tashi sama ya rufe rana a ɗora a TikTok ko Facebook, har wasu su tafa hannu ko su sa yaro ya jefa dutse ko a tunkare su da babur. Dan girman Allah kar ka yi, kuma kar ka bari wanda ya rako ka yayi don ya faranta maka. Tsuntsun nan abin da ya kawo shi shi ne ci da hutu, jikinsa ne guzurinsa, kitsen da ya tara a nan dashi zai tsallake hamadar da faɗinta ya haura kilomita 1,500 sannan ga tekun Bahar Rum a gaba, wasu ƙananan ma sai sun kusa ninka nauyinsu kafin su tashi. Duk tashin da ka sa shi yayi ba gaira ba dalili ka rage masa abin da ya tara, musamman a Fabrairu da Maris da tafiya ta matso. In ka yi haƙuri ma zaka ga tashin da kake so, shaho zai ratso ko lokacin komawarsu wurin kwana yayi da yamma, su tashi da kansu.

Me zaka gani? Ka fara da 'yan gida don idonka ya saba. Kirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska da dogon wuya, kafin ka ganta zaka ji fitonta sau uku a jere, garke-garke take zama. Dinya ba sai an nuna maka ba, itace babba, baƙi da fari, da jan baki. Balbela, zalɓe tsaye cak a ruwa yana jiran kifi, jinjimi mai baƙin kai da lanƙwasasshen baki, wani lokaci kwasa-kwasa. A kan ganyen bado zaka ga wani mai ruwan goro da farin wuya da shuɗin goshi yana tafiya saman ganye baya nutsewa saboda dogayen yatsunsa, shima ɗan gida ne. Gauraka kuwa in ka ganta a daji ka gode Allah, ta yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, kuma kamun da ake mata ana kaiwa gidajen masu hali yana cikin abin da ya jawo haka.

Sannan baƙi. Ƙaramar agwagwa da Turawa ke kira gargani ita ce ta fi yawa cikin agwagin da ke zuwa daga arewa, namijin wajen Fabrairu yana fito da farin layi daga saman ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya, da ka ganshi sau ɗaya ba zaka sake mantawa ba. Akwai wata da ta fita girma, mai siririn wuya da wutsiya mai tsini, namijin kansa ruwan ƙasa mai duhu, ƙirjinsa fari, farin ya haura ta gefen wuya. A bakin taɓo da gonakin shinkafar da aka girbe zaka ga garken wasu masu ruwan ƙasa da 'yan dogayen ƙafafu suna tsintar hatsin da ya zube, ana ce musu raf, a arewacin Turai da Saiberiya suke ƙyanƙyasa, kuma in ka lura zaka ga girma biyu a garke ɗaya, manyan maza ne ƙananan mata. Can garinsu namijin yana fito da wata kwalliyar gashi a wuya lokacin aure, amma a nan ba zaka ganta ba. Ka duba saman kacala kuma, akwai wani shaho da ke shawagi ƙasa-ƙasa a hankali da fukafukai a ɗage, shima daga Turai yake. Kai har cikin ƙafafun shanun Fulani ka duba, ɗan ƙaramin nan mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya sama da ƙasa yana kama ƙwarin da shanu suka tayar, wannan ɗan mitsitsin ma Sahara ya tsallako.

Kar ka matsa wa kanka sai ka san sunan kowa a rana ɗaya. In ka ga wanda baka gane ba, kafin ka buɗe waya ka kalle shi sosai, girmansa ya kai tantabara ko kaza, bakinsa miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe, launin ƙafa, me yake yi, iyo ko tafiya cikin ruwa ko nutso. Rubuta wannan tukuna sannan ka duba, saboda kana sunkuyar da kai kan waya yana tashi. Kuma ka tambayi wanda ya rako ka me suke kiransa a garin, ka rubuta shima.

Shiga kwale-kwale yana da daɗi kuma yana kai ka inda ƙafa bata zuwa, amma ku daidaita kuɗi tun a tudu, kar a cika shi da mutane, kar ka miƙe tsaye don ɗaukar hoto, in akwai rigar kariya daga nutsewa ka saka. Ka ce wa mai tuƙi yabi gefe-gefe a hankali, kar ya ratsa tsakiyar garke, kuma ku kauce wa koma da tarkunan kifin mutane. Kar ka cire takalmi ka shiga ruwan da baya gudu, tsargiya gaskiya ce a irin wuraren nan. In ka ga mataccen tsuntsu, balle da yawa a wuri ɗaya, kar ka taɓa kar ka bari yara su ɗauka, sanar da ma'aikatan gandu ko likitan dabbobi, murar tsuntsaye ta taɓa shigo mana a 2006 kuma masu kaji basu manta ba.

Wani abu da zan roƙe ka, kar kaje da halin ɗan birni mai ganin mutanen wurin sune matsala. Manomin da ka gani yana korar tsuntsu daga gonarsa jan baki yake kora, waɗanda ke kwana cikin kacala su fito dubbai su cinye masa shinkafa da gero, shekararsa guda ce a gonar nan. Masunci da makiyayi da mai yankan kaba duk daga ruwan nan suke ci, sun riga ka zuwa kuma zaka tafi ka barsu. Ka saurare su, ka biya wanda ya raka ka da kyau ba tare da ja-in-ja ba, ka sayi kifi da barkono a hannunsu, in mutum ya ga tsuntsu mai rai yana kawo masa baƙo da kuɗi zai yi tunani kafin ya ɗana masa tarko. Amma in an kawo maka tsuntsun daji a kwando, mai rai ko gasasshe, ko ƙwai, kar ka saya ko da niyyar ka sake shi ne, kuɗin da ka bayar shi zai sa a koma a kamo wani gobe. Ledar ruwa da robar lemo kuma ka dawo dasu cikin jakarka.

Sai rubutu. A saman shafi ka sa kwanan wata, sunan wuri, ƙarfe nawa ka fara ƙarfe nawa ka gama, akwai hazo ko babu, ruwa ya kai ina. In garke yayi yawa ba ɗaya-ɗaya ake ƙirgawa ba, ka ƙirga goma ka ga faɗin da suka ci, ka auna irin wannan faɗin sau biyar ya zama hamsin, sannan kabi garken da ido hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari har ƙarshe, in ku biyu ne kowa yayi nasa ku kwatanta. Kar ka ƙara gishiri, in 300 ka gani rubuta 300, in baka tabbatar da nau'in ba ka rubuta baka tabbatar ba. In ka dawo inda akwai sabis ka ɗora a eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye ke tara abin da suka gani, ko ka nemi masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta, su manhajar BirdLasser suke amfani da ita kuma akwai matasan arewa a cikinsu. Irin wannan lissafin da ake tarawa shekara bayan shekara shi ake ɗorawa kan tebur ranar da ake gardamar ruwa nawa za'a sako daga madatsa.

In kuma ka hango tsuntsu da zobe a ƙafa, na ƙarfe ko robobi masu launi, ko masunci ya nuna maka zoben da ya taɓa cirewa ya ajiye, ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe yadda lamba da rubutun zasu fito, ka rubuta inda aka same shi da lokacin, in masu launi ne ka rubuta wane launi ne a sama wane a ƙasa kuma a wace ƙafa. Galibi akwai sunan gari ko cibiyar da ta saka shi a jikin zoben ƙarfen, ka tura musu bayanin ko ka ba ma'aikatan gandu ko mutanen NCF, gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, su tura, sau da yawa suna dawo da amsa su faɗa maka ƙasar da aka saka masa da shekarar. Ka faɗa wa masuncin tun farko cewa ba laifi ake nema a kansa ba, kuma in amsar tazo ka kira shi ka gaya masa.